Zubar da shara a kwata: laifin gari ne kawai ko har da zunubi?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Unguwar Rogo a Jos ya rubuto cewa ya yi wa maƙwabcinsa magana, saboda duk lokacin da ruwan sama ya sauko sai ya sa yara su juye sharar gida a kwata domin ruwa ya tafi da ita. Maƙwabcin ya amsa masa cewa kwashe shara aikin gwamnati ne, ambaliya kuma ƙaddara ce, sannan maganar muhalli zancen Turawa ne da ba shi da tushe a addini. Yana so ya san ko kula da muhalli wajibi ne da mutum zai yi zunubi idan ya yi sakaci da shi, da kuma matsayin talakan da ba shi da abin girki sai gawayi.

Amsa: Malam, Allah Ya saka maka da alheri bisa wannan kishi. Amsata ita ce wajibi ne, kuma babin da yake shiga shi ne babin haƙƙin bayi, wanda kowane ɗalibin ilimi ya san ya fi wuyar warwarewa a kan laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa kaɗai. Na shafe shekaru ina aikin nazarin ƙasa da ruwa a wannan tudu namu, saboda haka zan fara da inda ruwan kwatarku yake zuwa, domin hukuncin abu yana biyo bayan fahimtar yadda abin yake.

Jos tana zaune ne a bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma daga wannan tudu manyan kogunan Arewa da dama suke tasowa. Kogin Kaduna daga nan yake farawa ya tafi ya haɗu da Neja. Gongola daga gabashin tudun take gangarawa ta shiga Binuwai a Numan. Dilimi kuwa, wadda mafi yawan kwatocin cikin gari suke ƙarewa a cikinta, tana bi ta ƙasar Bauchi ta shiga kogin Jama'are, shi kuma ya haɗu da na Haɗeja su zama kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Wato Allah Ya ajiye mu a kan ruwa, sauran jama'a suna ƙasa da mu. Wannan matsayi yana da hukunci sananne. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci game da ruwan kwarin Mahzur da Muzainib na Madina cewa na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Idan shari'a ba ta yarda na sama ya riƙe ruwa fiye da buƙatarsa ba, to yaya za ta yarda ya sake shi bayan ya cika shi da abin da zai cutar da wanda zai karɓa?

Mu bi sharar maƙwabcinka mu ga. A cikinta akwai leda da robar fiya wata, akwai ƙunzugun yara, akwai mataccen batir da fasasshen ƙwan fitila da ragowar magani. Ledar ba ta ruɓewa, sai ta tafi ta maƙale a bakin kwalbati, yashi ya taru a bayanta, hanyar ruwa ta ƙuntata. Ranar da aka yi mamakon ruwa na Yuli ko Agusta, ruwan da ya rasa hanya sai ya shiga ɗakin wani. Ƙazantar bayan gida tana tsiyaya cikin rijiyoyin da ba su da zurfi, kuma ta nan kwalara da taifot suke samun ƙofa. Ruwan da ya kwanta a bayan toshewar shi ne gidan sauro. Abin da ya wuce ya isa Dilimi kuwa, 'yan lambu suna jiran sa da injinan ban ruwa a lokacin rani, su shayar da latas da kabeji da karas da alayyafo, a kawo kasuwar Farin Gada, mu saya mu kai gida. Har wa yau manoman rani na Jos sun daɗe suna amfani da tokar juji a matsayin taki. A zamanin da sharar gari toka ce da ɓawon abinci da kashin dabbobi, wannan dabara ce mai kyau. Yanzu da juji ya cika da roba da batir da tarkacen kayan lantarki, tokar tana iya ɗaukar dalma da makamantanta zuwa cikin gona.

Ina so a tsaya a kan dalma, domin ita ce ke nuna iyakar abin da ido yake gani. Duk wanda ya yi karatun Ahalari ko Ishmawi ya san cewa a mazhabarmu ana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da ƙamshi, idan ba su sauya ba ruwan mai tsarki ne mai tsarkakewa. Wannan hukuncin ibada ne, kuma yana nan daram. Sai dai ruwa yana iya ɗauke da dalmar da za ta illata yaro alhali launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su motsa ba. Alwala da shi ta inganta, shan sa kuma cuta ne. Likitoci sun tabbatar cewa babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutar da ƙaramin yaro, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta komawa. A 2010 mun ga mafi munin misali a Zamfara, inda aƙalla yara 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Iyayen nan ba su yi nufin cutar da kowa ba, abinci suke nema. Na kawo wannan ne domin a gane cewa rashin ganin cutar da ido ba ya nufin babu ita, kuma da zarar mutum ya sani, uzurin jahilci ya faɗi.

A nan ne nauyin al'amarin yake. Idan ka ci kuɗin mutum, ka san shi, kana iya zuwa ka mayar masa ko ka roƙe shi gafara. Wanda ya toshe magudanar ruwa bai san ɗakin wa ruwa ya shiga ba. Bakaniken da ya juye baƙin mai a kwata bai san lambun wa ya isa ba. Masu haƙƙin suna da yawa, ba su san shi ba, shi ma bai san su ba, wasu ma ba a haife su ba tukuna. Hadisin matsiyaci da Muslim ya ruwaito ya bayyana mutumin da zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani, sai a riƙa ɗibar ladansa ana biyan su har ya ƙare. Hausawa suna cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba, amma a sha'anin ruwa sau da yawa wani ne yake girbe abin da ka shuka a nan duniya, naka girbin kuma yana jiran ka a can. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali duk lokacin da na ga mutumin da ba ya rasa sahun farko a masallaci yana sa 'ya'yansa wannan aiki, domin na san yana tsoron Allah, kawai ba a taɓa nuna masa cewa wannan ma yana cikin lissafi ba.

Maganar cewa zancen Turawa ne ba ta da wuyar amsawa. Allah Ya ce a Suratul A'araf, aya ta 56, kada a yi ɓarna a bayan ƙasa bayan an gyara ta. Ya ce a Suratur Rum, aya ta 41, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. A Suratu Hud, aya ta 61, Annabi Salihu ya tunatar da mutanensa cewa Allah Ya halicce su daga ƙasa kuma Ya ɗora musu raya ta. Annabi ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi gargaɗi a kan abubuwan da ke jawo tsinuwa, wato yin bahaya a hanyar mutane ko a inuwarsu, a ruwayar Abu Dawud har da mashayar ruwa. Ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ka lura cewa duk waɗannan wurare, hanya da inuwa da mashaya, ba mallakar mutum ɗaya ba ne, na kowa da kowa ne, kuma su ne abin da ake kira muhalli a yau. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu, bayan ta kawo ƙa'idar nan ta babu cuta babu cutarwa, ta ce mutum ba zai yi haƙar da za ta cutar da maƙwabcinsa ba ko da a cikin mallakarsa ne. Duk wanda ya haƙa masai ko sokawe dab da rijiyar maƙwabci yana cewa ai filinsa ne, to wannan jumla da shi take magana. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi a kan hukuncin filaye da ƙasar da ba ta da mai ita. Kalmar hurumi da muke amfani da ita ga filin da aka keɓe wa jama'a daga wannan fiƙihu ta fito, kuma kakanninmu sun san burtali da mashaya a matsayin wuraren da ba a nomawa ba a ginawa. Maƙwabtanmu Kirista a wannan gari suna da irin wannan a wurinsu, domin littafin Farawa ya ce an sa Adamu a gonar ne ya nome ta ya kuma kiyaye ta, Zabura ta 24 kuma ta buɗe da cewa duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. A garin da ya sha wahalar rarrabuwa irin Jos, kwata ɗaya ce take bi ta ƙofar Musulmi da Kirista.

Duk da haka akwai gaskiya a cikin ƙorafin maƙwabcinka, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Hayaƙin da ke ɗumama duniya mafi yawansa daga ƙasashe masu masana'antu ya fito, rabon Afirka gaba ɗaya bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Mu kuma a Filato ba ma buƙatar a ba mu labarin ɓarnar kamfanonin waje. Tun farkon shekarun 1900 suka fara haƙar kuza a nan, suka kwashe ta zuwa Ingila, suka juya ƙasar noma ta koma tuddan yashi da ramuka. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, kamfanonin sun watse, waɗanda suka tsara aikin sun daɗe da mutuwa, amma ɗaruruwan kududdufai suna nan a Bukur da Rayfield da Barikin Ladi, suna cin yara da dabbobi. Yashin da ake zubarwa bayan an wanke kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin radiyeshon, wanda ido ba ya gani, amma har yanzu akwai masu ɗibarsa su yi yaɓen ɗaki da shi. Darasin da nake ɗauka daga waɗannan ramuka shi ne abin da Allah Ya faɗa a Suratu Yasin, aya ta 12, cewa Yana rubuta abin da mutane suka gabatar da kuma gurabun da suka bari. Mun saba jin sadaka mai gudana, wadda ladanta ke bin mutum cikin kabari, to cuta ma tana gudana haka. Idan muna la'antar Baturen da ya bar rami a buɗe, da wane baki za mu kare ɗan gida da yake haƙar loto a yau, wato ramin kuza da ake haƙa da hannu, ya tafi ya bar nasa, ko mai kuɗin da yake tura matasa cikin rami ba tare da tokari ba har ƙasa ta rufta da su?

Batun ƙaddara ina so a taɓa shi da ladabi, domin unguwarku tana cikin waɗanda suka yi kuka a watan Yulin 2012, lokacin da ruwa mai ƙarfi ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo cikin dare, fiye da mutum 30 suka rasu, gidaje kimanin 200 suka lalace. Allah Ya ji ƙan su, kuma babu mai cewa sharar wani gida ce ta kawo wannan musiba. Saukar ruwa da yawansa na Allah ne. Abin da ke hannunmu shi ne faɗin hanyar da muka bar masa, da ginin da muka yi a bakin rafi, da abin da muka cusa a kwalbati. Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Imani da ƙaddara yana kwantar da zuciya bayan abu ya faru, amma bai taɓa zama hujjar aikata abin da aka san yana cutarwa ba.

Gwamnati kuwa tabbas tana da nata nauyin, kuma babba ne: samar da wurin tara shara da motar kwashewa, hana gini a hanyar ruwa, da sa ido a kan masu haƙar ma'adinai. Annabi da kansa ya keɓe filin Naƙi'u a yankin Madina a matsayin makiyaya ta jama'a, Umar ya keɓe filin Rabaza, wato tsare dukiyar kowa da kowa aikin shugaba ne tun asali. Ku neme shi a wurin kansila da mai unguwa da babbar murya. Sai dai gazawar shugaba ba ta mayar da haram halal a hannun talaka.

Tambayar gawayi ta fi wuya, kuma ban yarda da masu ɗora laifin sare daji a kan matar da ke hura wuta don ta ciyar da 'ya'yanta ba. Gas ya yi tsada, kananzir ya fi shi, lantarki ba shi da tabbas. Ƙa'idar malamai ita ce lalura tana sassauta hukunci, amma ana auna ta gwargwadonta. Uwargidan da ba ta da wata hanya ba ta da laifi, sai dai ana so ta rage abin da za ta iya ragewa. Murhu mai rufaffen gefe yana cin gawayi ƙasa da buɗaɗɗe, jiƙa wake kafin a ɗora da rufe tukunya suna rage lokacin wuta, girki a inda iska ke shiga kuma yana kare ƙirjinta da na goyonta, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 duk shekara. A sanyin Jos na Disamba da Janairu kada a taɓa kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Hukuncin dillalin da ke loda tirela daban ne. A irin ƙonawar gargajiya ana buƙatar kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi, kuma itatuwan da aka fi so su ne masu tauri irin kaɗanya da ƙirya, waɗanda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma. Wanda ya sare kaɗanya mai 'ya'ya ya yanke wa matan ƙauye man kaɗen da suke sayarwa shekara da shekaru. Sayyidina Abubakar ya hana rundunarsa sare itace mai 'ya'ya a ƙasar abokan gaba a lokacin yaƙi, balle a ƙasar 'yan'uwa a lokacin zaman lafiya. Mai wannan sana'a ba zai fake da lalurar talaka ba. Abin da ya kamace shi shi ne ya nemi itace daga inda aka shuka don sarewa, irin gandun itacen turaren da aka dasa a tsofaffin filayen kuza, wanda ke sake tohowa bayan an yanke shi, ya kuma dasa madadin abin da ya ci.

Dashen ma akwai gyara a yadda muke yin sa. Hadisin Bukhari da Muslim ya ce duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci daga ciki, to sadaka ce a gare shi. Ladan yana tare da cin amfanin, wato sai itacen ya rayu. Na sha ganin an yi taron dashe da manyan baƙi, bayan wata biyu awaki sun cinye komai. Mangwaro ɗaya ko fiya ko atili da aka dasa a watan Yuni bayan ƙasa ta jiƙu, aka kewaye shi, aka ba shi ruwa a raninsa na farko da na biyu, ya fi ɗari da aka dasa aka manta. Turare kuma a nisanta shi da rijiya da gindin gini, saiwarsa tana shan ruwa sosai. Masallatanmu suna da hanya mai sauƙi a nan. Annabi yana alwala da mudu ɗaya na Annabi, abin da bai kai lita ɗaya ba, mu kuwa famfo a sake muke yi, ruwan ya bi titi ya kwanta. Da za a ja wannan ruwa da ɗan bututu zuwa gindin itatuwa biyu ko uku a harabar masallaci, da an sami inuwa an kuma rage taɓo a ƙofa.

Game da maƙwabcinka, Malam, shawarata ita ce kada ka sake yi masa magana a lokacin da yaran ke juye sharar, a gaban mutane, domin a irin wannan hali mutum kare kansa yake yi ba sauraro ba. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, ka fara da yarda da abin da ya faɗa daidai game da gwamnati, sannan ka tambaye shi inda zai kai sharar idan bai zuba a kwata ba, domin sau da yawa wannan ce ainihin matsalar. Idan gidaje goma a layinku suka haɗa ɗan kuɗi duk mako, za su iya ɗaukar mai kura ya riƙa kai ta inda mota ke ɗauka. Ɓawon abinci da toka a ware su ga mai lambu ko mai kiwo, robobi da ƙarafa a ba 'yan gwangwan, batir kuma kada ya shiga wuta ko ruwa. Abin da ya riga ya wuce, tun da ba a san masu haƙƙin ba balle a roƙe su, malamai sun yi bayani a irin wannan cewa mutum ya tuba, ya daina, ya yawaita alheri da addu'a ga waɗanda ya zalunta. Alherin da ya fi kusa da wannan laifi shi ne yashe kwatar kanta. Ku sa rana a watan Maris, kafin ruwan farko na Afrilu, ku roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar asuba, ku fara daga kwalbatin da ke ƙasan layinku ku hauro sama, abin da aka fitar kuma a kwashe shi a ranar, domin idan aka bar shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi ciki.